Winchester 52B mai kaurin bututu: abin da na gani bayan shekara shida tana hannuna

Shekara shida ke nan da na mallaki wata tsohuwar bindiga ƙirar Winchester 52B, mai cin ƙaramin harsashin nan na .22 Long Rifle, kuma a tsawon wannan lokaci na harba ta sau da yawan da ya isa in faɗi ra'ayina a kanta ba tare da ɗokin sabon saye ba. Bindiga ce mai sakata, wato irin wadda maharbi yake ɗaga mariƙi da hannunsa, ya ja baya kwanso ya fita, ya tura gaba sabon harsashi ya shiga, sannan ya mayar da mariƙin ƙasa ya kulle. An ƙera ta ne domin gasar saiti a kan takarda, kuma duk wanda yake tara tsofaffin ƙananan bindigogi masu sakata, ko ba daɗe ko ba jima, sai ya tsaya a gaban wannan suna ya yanke shawarar ko zai biya abin da ake nema a kanta ko zai wuce. Ni na biya, ban kuma yi nadama ba, amma akwai abubuwan da na so a ce wani ya gaya mini tun kafin in miƙa kuɗina.

Asalin wannan ƙira yana komawa ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da kamfanin Winchester da ke New Haven a jihar Connecticut ta Amurka ya hango cewa sojoji da ƙungiyoyin maharba za su buƙaci bindigar koyon harbi mai arhar harsashi, wadda kuma za ta yi kama da babbar bindigar soja ta Springfield 1903 a hannu da kafaɗa. Thomas Crosley Johnson ne ya jagoranci zanen, aka nuna samfurin farko a gasar ƙasa ta 1919 da aka yi a Caldwell ta jihar New Jersey, aka fara sayarwa a 1920, kuma ba a daina ƙerawa ba sai 1980. A cikin waɗannan shekaru sittin an fitar da kimanin guda 125,000 ne kacal, adadin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da bindigogin yara masu arha da kamfanin yake fitarwa da ɗaruruwan dubbai. Wannan ƙaranci, haɗe da sunan da ta yi a filayen gasa irin su Camp Perry na jihar Ohio, shi ya sa har yau tsadarta ba ta sauka.

Harafin da ke bin lambar jikin bindigar yana da muhimmanci ƙwarai, domin shi ne yake gaya wa mai saye wace irin 52 ce a gabansa. Ta farko ba ta da harafi, kuma allurar da ke bugun gindin harsashi tana tafiyar kusan rabin inci kafin ta isa, abin da maharba suka ga yana ba hannu damar motsawa tsakanin jan kunama da tashin harsashi. A 1930 Frank Burton ya kawo gyaran da aka sa wa suna Speed Lock, wanda ya rage wannan tafiya zuwa kashi ɗaya cikin takwas na inci. A 1935 aka ƙara kaurin bangon hagu na uwar bindigar, wato ƙarfen da sakata take tafiya a cikinsa, saboda an lura yana tsagewa a kusa da makarin kunama, abin da yake hana bindiga tashi bisa kuskure, wannan ita ce 52A. Tawa, 52B, ta fito a 1937 da sabon makari mai zamewa a gefen dama, ta ci gaba har 1951 da 52C ta gaje ta. Daga baya 52D ta zo a 1961 ba tare da gidan harsashi ba, sai dai a ɗora ɗaya-ɗaya da hannu, sannan 52E ta rufe jerin daga 1969.

Abin da ya fara kama hankalina ranar da na ɗauke ta shi ne yadda sakatar take tafiya. Jikin sakatar ba ya juyawa, zoben da mariƙi yake manne da shi ne kaɗai yake juyawa ya kulle a baya, kuma ƙugiyoyi biyu ne suke kama bakin kwanso ta hagu da dama su fito da shi. Bayan fiye da shekara saba'in ana murza ƙarfe a kan ƙarfe, tafiyar ta yi sulɓi ba tare da ta yi sako-sako ba, idan aka sauke mariƙi kuwa ana jin ya zauna daram a wurinsa da wata gajeriyar ƙara mai nauyi. An sassaƙa uwar bindigar ne daga dunƙulen ƙarfe, ba a lanƙwasa ta daga falle ba, shi ya sa ko ina mutum ya shafa yatsa sai ya ji aikin injin sassaƙa da na hannun da ya bi baya ya goge. Ƙotar ta katakon walnat ce, mai faɗin gaba domin ta zauna a tafin hannun hagu, ba ta da wani zane ko ado, kuma ina ganin rashin adon ya dace da ita, tunda kowane inci na katakon an yanke shi ne domin mutumin da yake kwance rub da ciki da maɗauri ɗaure a damtsensa.

A wajen harbi ba ni da ƙorafi ko ɗaya. Bututunta inci 28 ne, mai kauri, kuma idan iska ta kwanta, na ɗora ta a kan jakar yashi a nisan yadi 50, harsasai biyar sukan shiga su bar rami guda mai yagaggen baki. A yadi 100 iska ce take zama alƙali, domin dalmar ba ta kai giram uku ba, ƙaramin kaɗawa yakan ture ta gefe, amma duk lokacin da harbi ya kauce nakan iya faɗin dalilinsa, kuma dalilin bai taɓa zama bindigar ba. Waɗannan nisa biyu su ne na tsohuwar gasar Dewar tsakanin maharban Amurka da na Birtaniya, harbi ashirin a yadi 50 da ashirin a yadi 100 a kwance, kuma mutum ba ya fahimtar dalilin siffar wannan bindiga sosai sai ya gwada wannan zagaye da ita daga farko har ƙarshe. Sai dai tana da zaɓen abinci. Harsashi mai gudun da ya wuce na sauti yakan watsa mata rukuni, ta fi son mai matsakaicin gudu wanda yake fita ƙasa da gudun sauti, irin su Eley Tenex na Ingila da na kamfanin Lapua na Finlan, kuma ko a cikin suna ɗaya wani zubi yakan fi wani dacewa da bututun. Na koyi sayen kwali ɗaya-ɗaya daga zubi daban-daban in gwada, sannan in koma in sayi mai yawa daga wanda ya yi.

Nauyinta shi ne abu na farko da zan gargaɗi mai saye a kansa. Da kaurin bututun nan tana kusan kilo biyar tun kafin a ɗora mata madubin hange, kuma nauyin ya karkata gaba, saboda haka harbi a tsaye da ita yakan gajiyar da hannu cikin 'yan mintoci, yawo da ita a daji kuwa wahala ce da ba ta da riba. Wanda yake neman bindigar da zai rataya a kafaɗa ya nemi wata.

Yanzu sai kunama, wadda ita ce ainihin abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi. Kunamar 52B ita ce rauninta, kuma maharban zamaninta ba su ɓoye hakan ba. Tana sakin allura da tsabta, ana iya daidaita nauyin janta da sukuru, amma a daidai lokacin da ta saki akwai wata 'yar girgiza da take dawowa cikin yatsa, kamar an taɓa tsirkiyar da aka ɗaure tamau. Girgizar ba ta kautar da harsashi a hannuna, amma tana nan a kowane harbi, kuma wanda ya taɓa jan kunamar Micro Motion da Harry Sefried ya zana wa 52C zai ji bambancin tun daga ja na farko, domin waccan tana karyewa ne ba tare da yatsa ya ji ta motsa ba. Saboda haka maharba da yawa a shekarun 1940 da 1950 suka cire kunamar kamfani suka sa ta maƙera masu zaman kansu, wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce ta Canjar, kuma wani lokaci sai an ɗan rarake katakon ƙota kafin sabuwar ta zauna.

A nan ne mai tarawa yake samun kansa a tsaka mai wuya. Bindigar da aka canza wa kunama ta fi daɗin harbi, kuma canjin shaida ce cewa wani maharbi na gaske ya yi gasa da ita, amma a idon masu neman abu kamar yadda ya fito daga masana'anta ta ragu. Wadda ba a taɓa ba kuwa ta fi daraja a kasuwa, sai dai mai ita zai zauna da girgizar nan muddin yana harbi. Tawa tana da kunamarta ta asali, kuma sau biyu ina samun damar sayen ta Canjar ina fasawa. Dalilina shi ne na sayi 52B ne domin in san yadda 52B take, da kyawunta da aibinta, in kuwa na gyara aibin to na rasa dalilin da ya sa aka ƙirƙiro 52C, jerin haruffan nan kuma ya zama ba ya ba ni labarin komai. Ban ce wanda ya zaɓi akasin haka ya yi kuskure ba. Abin da kawai zan roƙe shi shi ne ya adana tsohuwar kunamar a cikin 'yar jaka tare da bindigar, kada kuma ya yarda a taɓa katako da wuƙa, domin ƙarfe yana komawa mazauninsa, katakon da aka rarake kuwa ya tafi ke nan.

Wajen duba wadda za a saya, cikin bututu ne farkon abin dubawa, da fitila mai kyau, kuma bayan an goge shi, tunda datti yana rufe aibi. Bindigogin da suka yi aiki kafin ƙarshen shekarun 1920 sun sha harsashi mai sinadarin kunnawa da yake jawo tsatsa, sai a 1927 ne Remington ya fito da Kleanbore wanda ba ya cin ƙarfe, don haka 52B ta tsira daga mafi yawan wannan ɓarna, amma ba ta tsira daga masu ita ba. Sandar goge bututu da aka riƙa turawa ta baki ba tare da kula ba takan cinye gefen bakin, wurin da dalma take yin sallama da ƙarfe, kuma ƙaramar lalacewa a nan ta isa ta watsa harbi. A duba kuma ko akwai wani duhun zobe a tsakiyar bututun, alamar an taɓa harba harsashi a bayan wani da ya maƙale. Sannan a duba gefen mazaunin harsashi, domin irin wannan harsashi a gefen gindinsa ake bugunsa, kuma a tsofaffin bindigogi jan kunama babu komai a ciki yakan sa allura ta daki ƙarfe ta bar ɗan tudu da zai riƙa riƙe kwanso. Idan wadda ake dubawa ta girmi 52A, wajibi ne a cire sakata a haska bangon hagu a nemi tsaga.

Bayan lafiya sai asali. Winchester yakan rubuta lambar bindigar a ƙasan sakata da alƙalamin lantarki, ya kamata ta yi daidai da ta jiki. A saman bututu da saman uwar bindigar akwai hatimin gwaji, haruffan W da P a haɗe cikin da'ira mai siffar ƙwai, idan kuma aka ga P kaɗai a cikin irin wannan da'ira a kan bututu, to bututun canji ne da aka aika wa wani maƙeri ya ɗaura. A bindigogin wancan zamani, in aka raba ƙarfe da katako, akan ga lambobi biyu a ƙasan bututu masu nuna shekarar da aka yi shi. Gidan harsashi na asali, mai cin biyar, yana da harafin W a gindinsa, kuma da yake iri ɗaya ne da na Winchester 69 da 75 ba ya wuyar samu, ko da yake na kwaikwayo sun cika kasuwa. A nan ne ni na yi sakaci. Na duba bututu da kyau, na duba lambobi, amma ban cire saitin baya, wato abin auna harbi da yake kusa da idon maharbi, na leƙa ƙarƙashinsa ba, sai da na isa gida na tarar wani daga cikin waɗanda suka riƙe ta kafina ya huda ƙarin ramuka biyu a gefen uwar bindigar domin ɗaura wani saiti na daban. Ramukan ba su hana ta harbi ba, kuma saitin yana rufe su, amma sun rage mata daraja har abada, kuma da na gan su da ban biya abin da na biya ba.

Game da launi da ƙyalli, ra'ayina mai tsauri ne. Na fi son bindigar da shuɗin ƙarfenta ya koɗe a inda hannu yake kamawa, katakonta yana da tabon maɗauri da na shekaru, a kan wadda aka kai wa maƙeri ya goge ya sake rinawa. Gane wadda aka sake wa rini ba shi da wuya idan an saba: rubutun kan bututu yakan yi laushi kamar an shafe shi da yatsa, kusurwoyin da ya kamata su yi kaifi sukan zama masu santsi, bakin ramukan sukuru yakan lotsa. A katako kuwa samfefa takan sa ƙarfen gindin ƙota ya fi katakon faɗi, alhali daga masana'anta katakon ne yake ɗan ɗara ƙarfe. Mai sayarwa yakan ɗauka ya ƙara mata kyau ne, alhali ya kankare shaidar da mai tarawa yake biyan kuɗi dominta.

Akwai 'yar'uwarta da ake kira Sporter, wadda aka fara yi a 1934 bayan iyalan Olin sun sayi kamfanin, mai siririn bututu na inci 24 da ƙota mai zane, aka kuma daina ta a ƙarshen shekarun 1950. An yi ta kaɗan ƙwarai, tsadarta ta ninka ta gasa, wannan kuwa ya buɗe ƙofar jabu, domin akwai masu ɗaukar ta gasa su fere bututunta su gajarta shi su sa mata sabuwar ƙota. Alamar da ta fi tona asirinsu ita ce gurbin ramukan da aka cike a saman bututu, inda tubalan ɗaura dogon madubin hange suke zama a bindigar gasa. A shekarun 1990 kamfanin Miroku na Japan ya sake ƙera Sporter da sunan Browning da kuma na Winchester, aikin yana da kyau sosai, kuma ga wanda harbi ne burinsa ita ce hanya mafi sauƙi, muddin ya san ba ta New Haven ba ce yake saye.

Idan aka jera ta da takwarorinta, matsayinta yakan fito fili. Winchester 75, da aka yi daga 1938 zuwa 1958, da Remington 513T, da aka fara a 1940, dukansu an yi su ne domin wanda ba zai iya sayen 52 ba, sojojin Amurka kuma sun horar da mutane da yawa da su a Yaƙin Duniya na Biyu. Suna harbi da kyau fiye da yadda farashinsu yake nunawa, sun fi sauƙin ɗauka, kuma ga mai fara tarawa ina ganin da ɗayansu ya kamata ya fara, domin kuskuren saye a kansu ba ya zafi sosai. Amma da zarar an ja sakatarsu an ja ta 52 a jere, hannu yakan gane inda aka yi tsimin kuɗi. Abokiyar hamayyarta ta gaskiya ita ce Remington 37, wadda ita ma ta fito a 1937, ta fi ta ƙaranci, kayan gyaranta kuma sun fi wuyar samu. Wadda ta kawo ƙarshen mulkinta a filin gasa kuwa daga Jamus ta zo, wato Anschütz 54, mai kunamar da ta fi kowace ta Winchester laushi, kuma daga shekarun 1960 manyan maharba suka riƙa komawa gare ta.

Kula da ita ba shi da wahala. Ina goge bututun daga baya ne kawai, ta cikin abin da yake daidaita sanda a tsakiya, ba na kuma yawaita gogewa, tunda dalma mai kakin zuma a jiki ba ta barin dattin da yake cutarwa da sauri. Ƙarfen waje yana samun ɗan mai a tsumma bayan kowane taɓawa, ba na ajiye ta cikin jaka mai soso saboda yana riƙe danshi, kuma tana zama a kulle, harsashi a wani wurin daban. A Amurka, inda mafi yawan waɗannan bindigogi suke, wadda ta haura shekara 50 tana shiga rukunin kayan tarihi da masu lasisin tarawa suke iya saye, amma a gaban doka bindiga ce cikakkiya, kuma kowace ƙasa da nata sharuɗɗan mallaka da dole a cika kafin a fara maganar ciniki.

Hukuncina shi ne 52B ta cancanci kuɗinta ga mutumin da zai kwanta a ƙasa ya harba ta, wanda kuma yake son riƙe ƙirar a matakin da take kafin a kammala ta. Wanda kunama ce gaba da komai a wurinsa ya ƙara haƙuri ya nemi 52C, zai biya fiye, ba zai kuma yi tunanin canza komai ba. Wanda kuwa ya samu 52B mai tsabtar bututu, lambar sakata ta dace da ta jiki, launinta na asali ko da ya koɗe, ya nemi izinin mai ita ya kwance saitin baya da tubalan kan bututu ya ga abin da yake ƙarƙashinsu, in bai ga ramin da ba na masana'anta ba ya saya.